Hatimin Mamaci

Ejvind Krogager ya zaro lofen shan taba na farko daga cikin safar ulu ya ajiye a kan kantar gilashi, sannan ya goge tafin hannunsa a jikin wando. Guda shida ya kawo, kowanne a cikin safarsa. Matarsa Gunvor ce ta naɗe su da sassafe kafin ta raka shi tashar jirgin ƙasa ta Lemvig. Shekara goma sha huɗu ke nan yana sassaƙa lofe a garejin bayan gidansa, tun yana tuƙa bas har ya yi ritaya, amma bai taɓa nuna wa wanda ya san sana'ar ba sai yau da ya zo Copenhagen.

Mai shagon, Halfdan Brix, dogon mutum ne mai furfura, sanye da falmaran launin toka. Bai taɓa lofen ba. Ya dubi safar, ya dubi Ejvind, ya tambaya ko an wanke ta.

Mutum biyu da ke zaune a kujerun fata kusa da taga suka yi dariya. Ɗayansu tsohon likitan haƙori ne mai suna Thorup, ɗayan kuma wani mai ƙiba ne da ba ya magana sai dariya. Kullum a nan suke wuni da lofe a baki babu wuta, tun da aka hana shan taba a cikin shaguna. Ejvind ma ya yi murmushi, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Brix ya ɗauki lofen da yatsu uku ya kai shi ƙarƙashin fitila. Ya juya shi, ya shafa babban yatsa a gefen ƙoƙon, ya leƙa cikin ramin taba. Ya daɗe a haka har Thorup ya daina dariya ya leƙo don ya gani. Sai Brix ya sake tambayar sunan baƙon, ya maimaita shi a hankali, ya tambayi garinsu da aikin da yake yi. Da Ejvind ya faɗa, sai mai shagon ya ajiye lofen kamar ya ɗauki abin da bai kamata ba.

"Direban bas," in ji shi, yana duban mutanen da ke kujera. "To, direba, fito da sauran fasinjojin mu gani."

Ejvind ya jera su a kan kantar. Brix ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ya ce dankali ne aka soka wa kara. Na uku ya ce wuyansa ya lanƙwashe kamar bakin butar shayi. Na huɗu bai ce masa komai ba, ya dai ture shi gefe da bayan yatsa. Ya tambaya ko a yankinsu na Jylland ta yamma ba a sayar da sanfefar goge katako ne, alhali Ejvind ya san ya yi kwana tara yana goge wannan lofen har sai da ya yi santsi kamar sabulu. Mai ƙibar nan yana ta girgiza da dariya, lofensa na rawa a baki.

Thorup ya taso ya tsaya kusa da kantar. Ya ce shi kam na biyar ɗin nan ya yi masa kyau, zanen itacen ya miƙe daga ƙasa zuwa sama babu karkata, kuma akwai abin da yake tuna masa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, Brix ya riga shi.

"Shi ya sa ka ƙare rayuwarka a bakin mutane, likita. Waje kawai kake gani. Lofe a ciki yake."

Ya juya ga Ejvind ya ce duk mai son a ɗauke shi a matsayin masassaƙi dole ya yarda a ga cikin aikinsa, haka manyan sana'ar suke yi wa almajiransu. In ramin hayaƙi ya sauka daidai gindin ƙoƙo, to akwai magana. In bai sauka ba, gara ya koma ya riƙa yi wa jikoki dokin katako. Ya tambaye shi ko yana tsoro.

Na biyar ɗin shi ne wanda Ejvind ya fi so. Wata biyu ya yi a kansa, kuma a cikin jirgi sau biyu yana buɗe jaka ya taɓa shi ta cikin safa. Ya dubi mutanen uku da ke jiran amsarsa, ya ce ba ya tsoro.

Brix ya shiga ɗakin baya ya dawo da ƙaramin zarto da ƙarfen matse katako. A nan kan kantar ya ɗaure lofen, ya cire bakinsa, ya fara yanka shi a tsaye daga sama. Bai yi sauri ba. Garin itace ja yana zuba a kan gilashi, ƙarar zarton ta cika shagon, wata mata da ta shigo sayen ashana ta tsaya kallo sannan ta fita ba ta sayi komai ba. Ejvind ya sa hannuwansa a aljihu ya dunƙule su.

Da lofen ya rabu biyu, Brix ya ɗauki ɓarin guda ya duba. Daga inda yake tsaye Ejvind yana hango ramin hayaƙin, ya miƙe sak ya sauka a tsakiyar gindin ƙoƙo, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Ya jira mai shagon ya faɗi haka. Brix ya haɗa ɓarin biyu a tafinsa, ya ce abin da ya zata ne, ya jefa su cikin kwandon shara da ke ƙarƙashin kantar kafin Thorup ya gama gyara tabarau.

"Bari in nuna maka abin da ake kira lofe, don kada kuɗin jirginka ya tafi a banza," in ji shi.

Ya ciro mabuɗi daga aljihun falmaran, ya buɗe wata 'yar kabat ta gilashi da ke bayansa, ya fito da lofe guda a kan ƙyallen karan-miski. Ya ce aikin Osvald Riis ne, daga shekarunsa na ƙarshe, kuma akwai wanda ya riga ya yi magana a kansa daga ƙasar waje. Ejvind ya san sunan. Riis ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, bai bar lofe masu yawa ba, kuma hotunan aikinsa Ejvind ya manna a bangon gareji yana koyo da ido. Bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Brix ya ce ya duba da kyau amma kada ya taɓa. Ya nuna masa yadda ƙoƙon ya ɗan sunkuya gaba kamar mai gaisuwa, yadda wuyan ya fito daga jikinsa ba a ga inda suka haɗu ba. Ya ce wannan ba a koyon sa a gareji, ko mutum ya shekara ɗari.

Ejvind ya sunkuya. An ƙara wa itacen duhu, an sauya bakin da wani tsohon baƙi mai ɗan dusashewa, kuma a ƙarƙashin wuyan ga hatimi an buga, O. RIIS, da ƙananan baƙaƙe. Amma ya san wannan sunkuyon. Ba da gangan ya yi shi ba, wani ɗan tsagu ne ya tarar a cikin itacen, dole ya ci gefen gaba fiye da yadda ya yi niyya. Ya san ɗigon nan baƙi da ke bayan ƙoƙon, wanda ya yi mako guda yana shawarar ko ya kankare shi ko ya bar shi. Bara ya yi wannan lofen, ya ba ɗansa Sune ranar da ya cika shekara arba'in. Bai buga masa suna ba, don bai taɓa buga suna a kan abin da zai ba ɗansa ba.

"Wannan nawa ne," in ji shi. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ya sake faɗa.

Mai ƙibar ya cire lofe daga baki don ya ji daɗin dariya. Brix ya ce kowane wata sai wani ya shigo ya ce kakansa ne ya koya wa Riis sana'a, amma wannan ne karo na farko da aka samu Riis ɗin da kansa ya dawo a bas. Ejvind bai kula shi ba. Ya dubi Thorup ya ce a cire bakin lofen a leƙa cikin wuyan, ta hagu akwai ɗan tabo kamar na farce, inda injin huji ya zame masa. In babu, zai fita ba zai ƙara cewa komai ba.

Thorup ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Brix ya mayar da lofen cikin kabat ya kulle, ya ce ba zai kwance aikin mamaci don wani ya sha giya a jirgi ba. Sannan ya ce wa mutanen biyu lokacin abincin rana ya yi, zai rufe na rabin awa. Thorup ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo, ya dubi Ejvind kamar zai yi magana, sai ya gyara hularsa ya fita.

Brix ya juya allon ƙofa, ya ce wa Ejvind ya biyo shi.

Ɗakin baya ƙarami ne, akwai injin goge itace da kwalaben rini da tukunyar kofi. Brix ya zuba kofi biyu ba tare da ya tambaya ba, ya zauna a kan tebur. Muryarsa ta sauya, ta zama ta mutumin da ke maganar farashin kifi. Ya ce tun lofe na farko ya gane hannun, sunan kuma ya tabbatar masa. Sune ya shekara biyar yana kawo masa su, guda bakwai zuwa yanzu. Da farko Sune ya ce gado ya ci daga wani kawunsa, amma itacen sabo ne, ko wuta bai taɓa gani ba, don haka bai daɗe ba ya faɗi gaskiya. Hatimin kuwa na ainihi ne, shi Brix ya saye shi tare da sauran kayan aikin Riis lokacin da matarsa ta yi gwanjon su. Ya jawo aljihun tebur ya nuna masa, ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai yatsa tsawo ba.

Ejvind ya tambaye shi me ya sa ya yanka lofen.

"Thorup yana da ido. Biyu daga cikin bakwai ɗin suna gidansa. Da na bar shi da wancan minti biyar, da ya gane." Ya kurɓi kofi. "Kuma na daɗe ina son in ga cikin aikinka."

"Ka gani?"

"Na gani. Babu kuskure. Shi kansa Riis ba kullum yake samun haka ba."

Shekara goma sha huɗu Ejvind yana jiran wani ya faɗa masa wannan maganar. Ya ji ta shiga jikinsa duk da bai so ba, ya ajiye kofin don kada ya zube.

Brix ya ci gaba. Ya ce kada ya ruɗi kansa, da sunan Krogager ko ɗaya ba zai fita daga shagon nan ba. Masu sayen irin wannan kaya mamaci suke saye, ba direban bas mai rai da zai iya yin wani gobe ba. In yana son kai ƙara, ofishin 'yan sanda ba shi da nisa, sai dai ya sani kowane lofe yana da takarda da ke cewa daga tarin iyali ya fito, kuma sa hannun Sune ne a ƙasan kowace takarda. In kuwa yana da hankali, to ya kawo guda uku, babu suna, babu rini. Waɗannan biyar ɗin da ke kan kanta ba su da amfani tunda ya ɓata su da sunansa, sai dai in zai yarda a kankare.

Ejvind ya fito ya mayar da lofensa cikin safa ɗaya bayan ɗaya. Safa guda ta rage babu komai, ya cusa ta a aljihu. Brix ya buɗe masa ƙofa, ya ce ya gaida Jylland.

Ya yi tafiya a ƙasa har babbar tasha, ana yayyafi, bai buɗe lema ba. Bai gaya wa Sune, da ke zaune a nan Copenhagen, zai shigo gari ba. Niyyarsa in an karɓi ko da guda ɗaya ne ya buga masa waya daga ƙofar shagon, su je su ci abinci tare, shi zai biya. Jirginsa sai ƙarfe huɗu saura. Ya sami benci a dandamali, ya buɗe baƙin burodi da kifi da Gunvor ta ƙunsa masa, ya ci rabi ba ya jin ɗanɗanon komai.

A nan Sune ya same shi. Ya zo da keke, rigar ruwansa a jiƙe, katin wurin aiki na rataye a wuyansa. Ya ce Brix ya kira shi. Ya zauna a ɗaya gefen bencin ya bar jakar lofen a tsakaninsu.

Ejvind ya yi zaton zai ba da haƙuri, har ya shirya abin da zai ce masa. Sune bai ba da haƙuri ba. Ya ce da an gaya masa za a zo, da ya hana, da duk wannan bai faru ba.

"Baba, shekara takwas ke nan da na daina shan taba. A gabanka na faɗa, muna cin abinci. Ka ce to, da Kirsimeti ya zo ka miƙo mini lofe."

Ejvind ya ce bai tuna ba.

"Na san ba ka tuna ba. Kana gareji."

Sune ya yi magana mai tsawo, yana kallon layin dogo. Ya ce ba shi aka yi wa lofen ba, shi dai wurin ajiya ne, don babu wanda za a ba. Ya ce Mama ta shekara goma sha huɗu tana cin abincin dare da rediyo. Ya ce ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, da ya buga waya gida, sai da aka ce ya jira a kashe inji. Lofen kuwa suna cikin akwati a ƙarƙashin gado suna tara ƙura, wata rana ya kai ɗaya shagon don ya ji ko yana da daraja, abin ya fara daga nan. Kuɗin ba wasa aka yi da su ba, rufin gida aka gyara. Sannan ya ce kada a gaya wa Mama, ba za ta iya ɗauka ba.

Ejvind ya naɗe ragowar burodin a takarda. Yana son ya ce wani abu game da ranar haihuwar nan, amma da ya duba sai ya ga abin da yake tunawa shi ne lofen da yake yi a ranar, wani gajere mai faɗin gindi.

Aka sanar da jirgin yamma zai shigo nan da minti shida. Mutane suka fara matsowa da akwatunansu. Sune ya duba agogo, ya ce Brix ya yi maganar guda uku, kuma wannan karon za a raba kuɗin da Ejvind, tunda ya sani. Ya ce ya yi tunani a kai, ba sai ya amsa yau ba. In ma an duba, wa ya cutu? Mutane a ƙasashe huɗu suna riƙe da aikinsa suna alfahari da shi, abin da bai taɓa samu ba.

"Wanne ka fara kaiwa?" in ji Ejvind.

Sune ya ce, "Na bikin aurena."

Ejvind ya gyaɗa kai. Dogo ne wannan, siriri, ya sa masa zoben ƙaho a wuya, ya zana ranar bikin a jikin akwatinsa. A wurin liyafa ya miƙe ya ba da shi a gaban mutane, Sune ya rungume shi.

"Ya daɗe a shagon?"

"Kwana biyu. Wani ne daga Osaka ya gani a hoto, bai ko nemi ragi ba."

Ejvind ya juya fuskarsa wajen da jirgin zai ɓullo, don bakinsa ya fara wani motsi da ba ya so ɗansa ya gani. Kwana biyu, a tsakiyar Copenhagen, a cikin kabat mai mabuɗi. Ya tsani kansa saboda daɗin da ya ji, amma daɗin bai tafi ba.

Jirgin ya shigo ya tsaya. Sune ya ɗauki jakar zai riƙe masa, Ejvind ya karɓe abarsa. Ba su rungumi juna ba. Ya hau matakala ɗaya, ya tsaya, mutanen da ke bayansa suna jira ya ba su hanya. Ya waiwayo, bai kalli idon ɗansa ba, katin da ke wuyansa ya kalla.

"Ka ce wa Brix itacen da nake da shi ba zai gama bushewa ba sai bazara," in ji shi, ya shige ciki neman kujerarsa.